Salansar Babur Mai Silinda Biyu: Tsarinta da Gyaranta a Fagge da Sabon Garin Kano

Gabatarwa



Ƙila wani ya yi mamaki a ce an keɓe lacca sukutum a jami'a domin wani bututun ƙarfe da ke maƙale a gefen babur. Dalili kuwa shi ne, wannan bututu, wanda kowa ya sani da sunan salansa, yana daga cikin kayan da aka fi taɓawa a garejojin Fagge da Sabon Gari, kuma yana daga cikin waɗanda aka fi jahilta. Sunan nata ma yana da hannu a cikin wannan jahilci, domin an aro shi ne daga Ingilishi, inda asalinsa ke nufin abin da ke sa a yi shiru. Saboda haka mafi yawan masu babur sun ɗauka aikinta bai wuce kashe ƙara ba, kuma wanda ba ya gudun ƙara yana iya yanke ta ko ya huda ta ba tare da ya yi asarar kome ba. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa salansa rabin numfashin inji ce, kuma tsawonta da faɗinta da yadda aka haɗa bututunta duk da lissafi aka yi su, musamman ga babur mai silinda biyu, inda silinda ɗaya ke iya taimakon 'yar'uwarta ko ta cuce ta.

Yadda Mai Silinda Biyu Ya Zo Kano

Fagge tsohon masauki ne na fatake a bayan ganuwar birni, inda ayarin Buzaye ke sauke raƙuma. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Unguwannin nan biyu, waɗanda yau suke cikin ƙaramar hukuma ɗaya ta Fagge, su ne suka yi maƙwabtaka da tashar jirgi da kantunan kamfanonin Turawa, don haka a nan ne sana'ar kanikanci da walda da cinikin kayan gyara suka fara kafuwa.

A can Ingila kuwa, a 1937 wani injiniya mai suna Edward Turner ya ƙera wa kamfanin Triumph babur mai silinda biyu a jere, wanda aka kira Speed Twin, sa'an nan BSA da Norton suka bi sahu. Amma wanda ya shiga gidajen Kanawa sosai shi ne na Japan, watau Honda CD175, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1967 zuwa 1979, da magadansa CD185 da CD200, waɗanda dattawa ke tunawa da sunayen Benly da Roadmaster. Lokacin da hukumar Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas a 1975, malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti da dama sun mallaki irin wannan babur. A 1979 kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota.

Abin da ya juya al'amarin shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Darajar naira ta faɗi, sabuwar salansa ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai mai walda ya zama shi ne mai faci, shi ne kuma mai ƙera sabuwa daga farantin ƙarfe. Daga baya babura masu silinda ɗaya na Sin da Indiya suka cika gari da sana'ar acaɓa, har gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a watan Janairu na 2013. A yau mai silinda biyu ya rage a hannun mutum iri biyu: dattijon da ke riƙon tsohuwar Hondarsa da amana, da matashin da ya sayo babban babur na hannu daga ƙetare. Dukansu biyu a wurin mai walda ɗaya suke haɗuwa.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Bututu

Injin irin wannan babur yana aiki ne da motsi huɗu na fistin. Fistin ya sauka ya shaƙi iska da fetur daga kafireto, ya hau ya matse su, filogi ya kunna wuta ƙonewar ta tura shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin a gama waɗannan huɗu karanshaf ya juya sau biyu, watau digiri 720, kuma a cikinsu sau ɗaya kacal bawul ɗin hayaƙi ke buɗewa.

Ke nan hayaƙi ba ya kwarara kamar ruwan famfo. Dunƙule-dunƙule yake fita, da zafin da kan kai digiri 700 a ma'aunin Selsiyus. Duk sa'ad da bawul ya buɗe, wani bugun matsi kan ruga cikin bututu da saurin sauti. A iskar waje sauti na cin kimanin mita 340 a daƙiƙa, amma a cikin hayaƙi mai zafi yakan haura mita 500. Idan wannan bugu ya isa inda bututu ya ƙare, ko inda ya buɗe ya yi faɗi, wani sashe nasa kan juyo baya, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Abin lura shi ne, ya tafi yana turawa, amma yana dawowa ne yana zuƙa.

A ƙarshen korar hayaƙi akwai ɗan lokaci da bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba, na shaƙa kuma ya fara buɗewa. In zuƙar nan ta iso daidai wannan lokaci, sai ta tsotse ragowar hayaƙi ta jawo sabon fetur da iska, silinda ta cika, inji ya sami ƙarfi ba tare da an ƙara masa girma ba. In kuwa turi ne ya iso a madadinta, sai ya mayar da hayaƙi cikin silinda, babur ya riƙa shaƙewa idan an murɗa totur. Injiniyan da ya fi shahara wajen sarrafa wannan hikima shi ne Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, wanda a shekarun 1950 ya nuna wa duniya, da injuna masu motsi biyu, cewa siffar bututu kaɗai tana iya mayar da ƙaramin babur na tsere.

Tsawo da Faɗi

Bahaushe ba baƙo ba ne ga dangantakar tsawon bututu da muryarsa. Kakaki, wanda tarihi ya danganta shigowarsa fadar Kano da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tsawonsa ne ke ba shi kaurin murya, kuma maƙerinsa ya san in ya rage masa kamu guda ya sauya shi. Haka abin yake ga salansa, sai dai ita lokacin dawowar amsa-kuwwa ne ke sauyawa tare da muryar.

Ga misali da alƙaluma. A ce inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, watau juyi 100 ke nan a daƙiƙa, ko digiri 36,000. A ce kuma tsawon bututu daga kan silinda zuwa inda ya buɗe santimita 85 ne. Zuwa da dawowa ya zama santimita 170, wanda bugun matsi zai ci a cikin daƙiƙa 0.0034 in yana gudun mita 500. A wannan ɗan lokaci karanshaf ya juya wajen digiri 120, wanda shi ne gwargwadon da masu tsara injuna da yawa ke nema. To, in aka yanke bututun nan biyu, amsa-kuwwar za ta dawo a rabin lokacin, ba za ta dace ba sai inji ya kai juyi 12,000, gudun da mai tafiya ofis daga Fagge ba zai taɓa kaiwa ba. Ƙa'idar dai ita ce, dogon bututu yana ba da ƙarfi a ƙaramin juyi, inda ake tashi da kaya da bin cunkoso, gajere kuwa yana kai ƙarfin can sama, inda 'yan tsere kaɗai ke zama.

Faɗi ma haka. Mutane da yawa suna zaton duk yadda bututu ya ƙara faɗi, haka hayaƙi zai fi samun hanya. Amma mai ban ruwa a lambu ya san in ya matse bakin tiyo ruwa ya fi tsiri. Bututun da ya cika faɗi yana sa hayaƙi ya yi sanyin gudu, ya huce da wuri, zuƙarsa ta yi rauni. Wanda ya cika matsi kuma yana shaƙe inji idan juyi ya yi sama. Akwai wata magana da ke yawo a garejoji, wai inji yana bukatar a ɗan toshe masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Gaskiyar ita ce toshewa ba ta taɓa ƙara wa inji kome ba. Abin da bakanike ya gani ya yi masa wannan fassara shi ne amfanin saurin hayaƙi a bututun da faɗinsa ya dace.

Idan Silinda Ta Zama Biyu

A nan ne lamarin ya ƙara zurfi, domin sai an san tazarar da ke tsakanin tashin wutar silindar farko da ta biyu. Baburan Ingila na da, da Honda CD175 da magadansa, fistin ɗinsu biyu tare suke hawa tare suke sauka, amma karɓa-karɓa suke yi wajen kunna wuta, kowane digiri 360. Wasu baburan Honda, kamar CB450 na 1965, fistin ɗaya na hawa ɗaya na sauka, sai tazarar ta zama 180 sa'an nan 540. Na Harley-Davidson na Amurka, masu silinda a siffar gwafa, tazararsu 315 da 405 ce, abin da ke ba su muryar nan mai kama da sukuwar doki. Na Ducati na Italiya 270 da 450 ne, kuma tun daga Yamaha TRX850 na tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni da yawa sun koma ba masu silinda a jere wannan tazara.

Hanyoyin haɗa bututu uku ne. Ta farko, kowace silinda da bututunta da tukunyarta, kamar yadda CD175 ya fito daga masana'anta. Wannan ta fi sauƙin lissafi, domin babu ruwan wata da wata, amma ta fi nauyi. Ta biyu, a bar su biyu amma a gitta ɗan gajeren bututu a tsakaninsu, kamar yadda kamfanonin Ingila suka riƙa yi a ƙarshen shekarun 1960. Amfanin wannan gada shi ne kowane dunƙulen hayaƙi ya sami tukunya biyu maimakon ɗaya, ƙara ta ragu, ƙarfin tsakiya ya daidaita. Ta uku, a haɗe biyun su zube a tukunya ɗaya.

Wannan ta ukun ita ce matasa suka fi so, kuma maƙeran gargajiya sun riga kowa saninta. Zugazugi salka biyu ne masu zuba iska a baki ɗaya, kuma ɗan zuga ya san sai ya danna ɗaya sa'ad da yake ɗaga ɗaya, sa'an nan iska ke tafiya ba yankewa. In ya danna su kusa da juna, sai su yi karo a maƙogwaro. Haka injin da tazararsa 360 ce ya fi kowane dacewa da haɗe bututu, domin dunƙulen silindar farko yana wucewa ya bar zuƙa a bayansa, ta biyu ta zo ta amfana. Amma sharaɗi ne bututun biyu su zama tsawonsu ɗaya kafin mahaɗa, mahaɗar kuma ta zama mai siririn kusurwa, kamar inda ƙorama biyu ke haɗuwa su bi hanya guda. Injin da tazararsa 180 ce kuwa, silinda ta biyu tana buɗe bawul tun ta farko ba ta rufe nata ba, saboda haka in mahaɗa ta yi kusa da inji, sai turin ta biyu ya faɗa wa ta farko a daidai lokacin da take neman zuƙa. Irin wannan inji yana bukatar dogayen bututu kafin mahaɗa, ko kuma a bar masa biyunsa. Wanda ya kwaikwayi salansar wani babur don ta burge shi a ido, bai tambayi tazarar wutar nasa injin ba, ya ɗinka wa kansa rigar wani.

Tukunya da Abin da Ke Cikinta

Tukunyar salansa iri biyu ce. Akwai mai ɗakuna, wadda aka yi wa shamaki da farantai masu huji, sauti ya yi ta karo da bango yana kashe kansa. Akwai kuma mai miƙaƙƙen bututu mai huji-huji, wanda aka naɗe da audugar gilashi mai shanye sauti. Ta farko ta fi kashe kaurin ƙara, ta biyu ta fi barin hayaƙi ya wuce, amma audugarta kan ƙone, sai an riƙa sabunta ta. Manyan baburan zamani suna da ƙari, watau wani curi mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da ma'adinai masu tsada irin su filatinam, aikinsa rage gubar hayaƙi. Kanikawan Nijeriya indomi suke ce masa saboda kamarsa da taliyar nan, kuma saboda tsadarsa akan cire shi a sayar.

Gyaran da Ake Yi da Sakamakonsa

Gyaran da aka fi yi shi ne fasa shamaki ko zare cikin tukunya gaba ɗaya. Mai babur ya ji ƙara ta ƙaru, sai kunnensa ya gaya masa ƙarfi ya ƙaru. Abin da bai gani ba shi ne an auna jet ɗin kafireto ne bisa salansar asali. Da zarar an sauya hanyar fitar hayaƙi, ma'aunin iska da fetur ya goce, kuma sau da yawa iska ce ke rinjaya. Alamunsa a fili suke: bakin filogi ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa, wuyan bututu ya yi shuɗi fiye da kima, babur ya riƙa harbi idan an saki totur. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, a zafin Kano na watan Afrilu da kan kai digiri 40, ba ya jure wannan. Ƙarshensa bawul ya ƙone ko kan fistin ya huje. Hausawa dai sun ce ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi. Saboda haka duk wanda ya taɓa salansa wajibi ne ya koma kan kafireto, ko kan na'urar da ke auna fetur in babur ɗin na zamani ne.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi aikin hannu. Gwanayen masu walda sun san a cika bututu da busasshen yashi a toshe bakinsa kafin a gasa shi a lanƙwasa, don kada gwiwar ta lotse ta rage faɗi. Dole ne yashin ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙe tururi yake yi ya fashe. Ya kamata a guji fayif ɗin ruwa mai rufin tutiya, saboda hayaƙin da yake yi a bakin wutar walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ɗigon walda da ya kutsa ciki yana tare hanya, gaskit ɗin da ke yoyo a kan silinda yana shigar da iska. Game da tsatsa kuwa, mutane na ɗora laifi a kan ruwan Agusta da ke kwanciya a titunan Sabon Gari, alhali mafi yawanta daga ciki take farawa. Kowace lita ta fetur in ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a siffar tururi, kuma babur ɗin da ba ya tafiyar da za ta gasa tukunya, ruwan nan a cikinta yake kwana. Ɗan hujin da masana'anta kan bari a ƙasan tukunya magudana ce, kuskure ne a toshe shi.

Haƙƙin Maƙwabci

Ana auna ƙara da desibel, kuma masana kiwon lafiya sun daidaita a kan cewa zama cikin ƙarar da ta kai 85 har awa 8 a kullum yana lalata ji sannu a hankali. Ƙarin desibel 3 kacal yana ninka ƙarfin sautin, ya raba lokacin da kunne zai jure gida biyu. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, kuma wanda ya fi shan wahalar shi ne yaron gareji mai shekara goma sha biyu da ke durƙushe a bakin bututu ana gwaji. Haka kuma hayaƙin fetur na ɗauke da wata iska mai guba marar launi marar wari, wadda kan kashe mutum a rufaffen shago. Doka ma ba ta yi shiru ba, domin an kafa hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli a 2007, an fitar da dokokin ƙayyade ƙara a 2009, da na hayaƙin ababen hawa a 2011. A unguwa mai cunkoso kamar Fagge, inda gida da masallaci da makaranta da asibiti ke bango ɗaya, mai fasa salansa ya sayi nishaɗinsa ne da barcin jinjiri da hutun majinyaci.

Kammalawa

Duk wanda ya tsaya ya kalli mai walda a Fagge yana naɗe farantin ƙarfe ya mai da shi tukunya, ya san ba basira ce ta yi ƙaranci ba. Hannu ya ƙware, kunne ya ƙware, har bakanike kan gane silindar da ba ta ɗauka daga muryar babur tun kafin ya tsaya. Abin da ya rage shi ne lissafin, kuma lissafin yana kulle a littattafan Ingilishi waɗanda mafi yawan masu sana'ar ba sa karantawa. Kanikawa sun riga sun yi rabin aikin da kansu, tun da su ne suka sarrafa fistin da filogi da bawul da totur har suka zauna daram a bakin Bahaushe. Amma sunayen kaya kawai aka aro, ba a kawo bayanin dalilansu ba. Misalan kakaki da amsa-kuwwa da zugazugi sun isa shaida cewa Hausa tana da abin da za ta ɗauki wannan bayani.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɗalibai, su shiga garejoji su tattara kalmomin sana'a daga bakin masu ita, su haɗa kai da takwarorinsu na sashen injiniya a rubuta ƙananan littattafai na Hausa masu zane da alƙaluma. Akwai aiki a gaban ma'aikatan ilmi, su sa irin waɗannan littattafai a makarantun koyon sana'a, da ma'aikatan lafiya da na muhalli, su fara da wayar da kan ƙungiyoyin kanikawa kafin su kai ga tara. Shi kuma mai babur, kafin ya miƙa salansarsa a yanka, ya tambayi tazarar wutar injinsa, ya tambayi juyin da ya fi zama a kai, ya tambayi wanda zai daidaita masa kafireto bayan an gama. In babu amsa, barin ta yadda take ya fi, domin ba girin-girin ba, ta yi mai.